Agogon batir mara ƙas-ƙas: Abin da ma'aikacin Sharada, Challawa da Bompai zai duba kafin ya saya

A yawancin masana'antun Kano da ke aikin karɓa-karɓa, rukunin safe na karɓar injina ne da misalin ƙarfe 6:00, daidai lokacin da 'yan aikin kwana ke shirin tafiya gida. Wanda ke zaune a Dakata ko Kawaji ko Gama yana aiki a Bompai, abin da sauƙi. Wanda kuwa zai taso daga Rimin Kebe ya nufi Sharada, ko ya tsallaka har Challawa ta hanyar Panshekara, dole ne ya bar gida gari bai waye ba, ya tsaya bakin titi jiran A Daidaita Sahu, wani lokaci ma sai ya hau biyu.

Makarar minti 15 a irin wannan aiki ba ƙaramin abu ba ce. Injin ba ya tsayawa jiran kowa, wanda ya kwana a kansa kuma ba zai tafi ba sai an karɓe shi. Ga ma'aikacin wucin gadi da ake biya a kullum ko a mako, iske ƙofa a rufe na nufin ladan ranar ya tafi, idan abin ya yawaita kuma akwai masu jiran gurbin a bakin get.

Shekaru da dama wayar hannu ce ke tashin mutane. Sai dai waya caji take so, caji kuma wuta yake so.

A watan Oktoban 2024, lalacewar manyan layukan dakon wutar lantarki ta bar Kano da yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Masu cajin waya a unguwanni sun yi ciniki a lokacin, amma wayar da ta kwana a shagon mai caji ba za ta tashi mai ita da asuba ba. Ko a ranakun da babu irin wannan matsala, alƙawarin wutar awa 20 a rana na 'yan rukunin Band A ne, waɗanda aka ƙara wa kuɗi zuwa Naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024. Unguwannin da leburori ke haya ba kasafai suke cikin wannan rukuni ba. Ga kuma ƙwacen waya da ya addabi birnin, wanda ke iya raba mutum da agogonsa da ƙararrawarsa a dare ɗaya.

Wannan ne ya sa ƙaramin agogon gefen gado mai batir ɗaya, wanda ake ganin zamaninsa ya wuce, har yanzu yake da gurbi a ɗakin ma'aikaci.

Me ya sa ba na lantarki ba?

Agogon da ake jonawa a soket, mai jan lambobi masu haske, yana da kyan gani a kanti. A Kano kuwa kusan ba shi da amfani. Da an ɗauke wuta sai ya mutu, idan an dawo da ita ya koma 12:00 yana ƙyafta ido, ƙararrawar da aka saita ta goge, sai fa irin wanda ke da batirin ajiya a ciki.

Akwai wata matsalar da ba kowa ya sani ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan agogai ba su da abin ƙirga lokaci na kansu, bugun wutar da ke shigowa suke ƙirgawa, wanda ya kamata ya zama sau 50 a daƙiƙa. Idan bugun ya ragu agogo ya yi baya, idan ya ƙaru ya yi gaba. A farkon 2018, wata taƙaddama kan wuta tsakanin Sabiya da Kosobo ta sa irin waɗannan agogai a ƙasashen Turai da dama suka yi lattin kusan minti shida. Idan haka ta faru a Turai, sai a ƙiyasta abin da ƙaramin janareta zai yi musu.

Daga ina ƙas-ƙas ɗin yake fitowa?

Kusan duk agogon batir da ke kasuwa yau an rubuta Quartz a fuskarsa. Wani ɗan ƙanƙanin dutse ne a ciki, wanda idan wutar batir ta ratsa shi yake karkarwa sau 32,768 a kowace daƙiƙa. Na'urar da ke ciki tana raba wannan adadi biyu-biyu har sau 15, sai ya koma bugu ɗaya a daƙiƙa. Wannan bugun ne ke tura ɗan injin da ke juya hannun sakan. An ƙera agogo na farko mai wannan fasaha a Amurka a 1927, kamfanin Seiko na Japan kuma ya fitar da na hannu a Disamban 1969, daga nan ta yi araha har ta game duniya.

Duk turawa ɗaya, hannun sakan ya yi tsalle ya tsaya, haƙoran robar da ke ciki su bugi juna. Ƙarar ke nan. Da rana ba a jin ta. Da tsakar dare a ɗaki ɗaya mai rufin kwano, bayan janaretocin unguwa sun mutu, sai ta zama kamar ɗigon famfo a bokiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke ɗakin barci ta wuce ma'aunin desibel 30, wato kamar raɗa. Wasu ba ruwansu da ƙas-ƙas, har ma yana sa su barci. Amma a ɗakin da miji da mata da jariri ke kwana tare, ko samari huɗu da ke aiki a rukunai daban-daban, da wuya a rasa mai ƙorafi. Ƙarshenta a tura agogon ƙarƙashin tulin kaya ko a zare batirin, ranar da ake buƙatarsa kuma a makara.

Agogo mara ƙara iri biyu ne. Na farko mai hannu ne, amma hannun sakan ɗinsa ba ya tsalle, zagayawa yake sumul saboda injin yana tura shi sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. A kwalinsa akan rubuta Silent ko Sweep. Aibinsa ɗaya, ya fi mai tsalle shan batir. Na biyu shi ne mai lambobi a kan gilashi, irin na kalkuleta, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, don haka shiru yake ɗungurungum, batirinsa kuma ya fi daɗewa.

Gwaji a kasuwa

A cikin hayaniyar Kasuwar Sabon Gari babu agogon da ake jin ƙararsa, saboda haka ido ya fi kunne amfani. A sa mai kaya ya saka batir, a kalli hannun sakan. Idan yana tsalle, zai yi ƙas-ƙas ko me aka rubuta a kwali. Sannan a kara shi a kunne, domin wasu masu tafiya sumul ɗin suna da 'yar gurnani idan injin ba mai kyau ba ne.

Sai ƙararrawa, wadda ita ce dalilin sayen. A murɗa hannun agogon har ya iso inda aka saita, a ji da kunne. A lura da inda ta fara kaɗawa, domin a agogo mai hannu saitin ƙiyasi ne, tana iya riga lokaci ko ta yi latti da minti biyar ko fiye. Wanda ya san halin nasa sai ya riƙa saitawa da wannan a rai. Akwai masu farawa a hankali suna ƙara ƙarfi, su ne suka fi dacewa da ɗakin da ke da jariri, don mai agogon kan farka ya kashe kafin ta kai ga tashin kowa. Mai nauyin barci kuwa, mai ƙarfe biyu a ka da 'yar guduma a tsakiya ne maganinsa, sai dai maƙwabta ma za su tashi.

Babban tarkon agogo mai hannu shi ne bai san dare da rana ba. Awa 12 yake zagayawa. Wanda ya saita 4:30 na asuba, idan bai kashe maɓallin ba za ta sake kaɗawa 4:30 na yamma, idan kuma ya kashe ya manta bai kunna da dare ba, shiru zai ji. Mai lambobi yana da nasa tarkon, na rikita AM da PM, wanda ya sa mutane da yawa makara. Maganinsa a mayar da shi tsarin awa 24, yadda 5 na yamma za ta fito a matsayin 17:00. Ga wanda ake canza wa rukuni duk mako, mai lambobi da ke karɓar saiti biyu ya fi sauƙin sha'ani.

Fitila ma abin dubawa ce. Wadda ake dannawa ta haska na ɗan lokaci ta fi wadda ke kwana a kunne, don wannan cinye batir take, hasken kuma na damun barci. Hannu mai fenti mai ƙyalli a duhu ba ya cin komai, amma yakan dushe kafin asuba.

A cikin kayan gwanjo da ake kawowa daga Turai akan tsinci agogon da aka rubuta Radio Controlled ko Funkuhr a jikinsa. Irinsu suna saita kansu ne da siginar da ake watsawa daga Jamus ko Ingila, wadda ta Jamus ɗin iyakarta kimanin kilomita 2,000. Kano ta ninka haka nisa. Idan babu hanyar saita shi da hannu, a bar wa mai shi kayansa.

Batun batir

Yawancin waɗannan agogai batirin AA ɗaya suke ɗauka, irin na rimot babba, ko AAA, mai ƙarfin bolt 1.5. Batir mai araha na tafiyar da agogo, amma ga abin da ke yaudarar mutane: juya hannu ba ya buƙatar ƙarfi sosai, ƙararrawa da fitila ne ke buƙata. Sai agogo ya ci gaba da nuna lokaci daidai alhali batirin ya yi sanyin da ƙararrawar ba za ta tashi ko kyanwa ba. Alamar farko ita ce dusashewar sauti ko raunin fitila. Da an ga haka a canza, kada a jira ya tsaya.

Batirin da ake yi wa caji bolt 1.2 yake bayarwa. Wasu agogan suna aiki da shi, wasu kuma sai gilashinsu ya dushe ko ƙararrawar ta yi rauni, don haka a gwada shi ranar hutu, ba ranar aiki ba.

Zafin Kano na watannin Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, yana gajarta ran batir, yana kuma sa shi yoyo. Farin garin da ke taruwa a bakin ƙarfen shi ne ke kashe agogai da yawa waɗanda injinsu lafiya lau yake. Kada a ajiye agogo a taga inda rana ke dukansa, kada a haɗa sabon batir da tsoho, idan kuma za a yi tafiyar sallah ko ta damina a zare shi. Mataccen batir ba abin wasan yara ba ne, ba kuma a jefa shi a wuta.

Barcin rana

Wanda ya fi kowa buƙatar agogon shi ne ɗan aikin kwana. Mai tashin asuba yana da ladan, yana da zakara, yana da motsin gida. Wanda ya kwanta ƙarfe 8:00 na safe kuwa, yana so ya tashi sallar Azahar ko ya kama aikin yamma, jikinsa ne ma ke gardama da shi, domin an halicce shi ya yi barci da dare ne. Likitocin barci na cewa baligi na buƙatar aƙalla awa bakwai, barcin rana kuma yakan zo a gutsure, ga zafi, ga hayaniyar yara da masu talla. Wanda bai ƙoshi da barci ba ya je ya tsaya gaban injin narkar da roba a Sharada ko injin fiɗar fata a Challawa, yatsunsa ne a kan layi.

Matsalar ba sabuwa ba ce. A garuruwan masaƙu na Ingila, kafin agogon ƙararrawa ya yi araha, akwai masu sana'ar bin gidaje da doguwar sanda suna ƙwanƙwasa tagar ma'aikata ana biyansu duk mako, kamar dai yadda masu kiɗan sahur ke zaga unguwa da azumi. Bafaranshe Antoine Redier ne ya yi rajistar agogon ƙararrawa da ake iya saitawa a 1847.

A nan ne agogo ya fi waya ko da akwai caji. Mai barcin rana na iya kashe wayarsa gaba ɗaya, ya huta da kira da saƙonnin WhatsApp, ba tare da fargabar makara ba.

Inda aka ajiye shi ma yana da tasiri. Idan yana kusa da matashi, hannu kan kashe shi mai hannun bai farka ba. A ɗora shi inda sai an miƙe za a kai gare shi, a kan tsumma ko littafi, don katako da faranti na ƙara amon duk wani motsi da ke cikinsa. Maɓallin Snooze, mai ɗaga ƙararrawa da 'yan mintuna, barcin da yake bayarwa ba ya ƙosarwa, ga wanda zai kama mota biyu kuma danna shi sau uku ya isa ya sa a rufe get.

Masu zuwa aikin safe da dama sukan saita biyu, waya da agogo, da tazarar minti biyar a tsakani. Sukan kuma daidaita agogon da lokacin labaran rediyo sau ɗaya a wata, domin mai arahar yakan yi gaba ko baya da 'yan daƙiƙu, kuma agogon da ke bakin get ɗin kamfani shi ake bi wajen rubuta sunan wanda ya makara.