Satiru, 1906: Ranar da Manoma Suka Kori Sojan Ingila

Da yawa daga cikinmu a nan New Bell mun taso muna jin cewa da Bature ya iso ƙasar Hausa babu wanda ya iya tare masa hanya. Tarihin Satiru bai yarda da wannan magana ba.

Satiru ƙauye ne a kudancin Sakkwato, tafiyar 'yan sa'o'i a ƙasa. Mutanensa talakawa ne, manoma da bayin da suka gudo daga iyayen gijinsu. Sun taru a bayan Malam Isa da wani malami, Ɗan Makaho, wanda ya tsere wa Faransawa daga yankin Dosso, suna wa'azin bayyanar Mahadi, suka ƙi biyan haraji.

Ranar 14 ga Fabrairu, 1906, shekara uku bayan cin Sakkwato, Mukaddashin Razdan Hillary ya nufi ƙauyen da rundunar sojan doki. Kafin sojojin su gama ja daga, jama'a suka auka musu da gatura da fartanya da baka. Aka kashe Hillary da mataimakinsa Scott da Laftanar Blackwood da sojoji baƙar fata 25, aka kuma ƙwace bindiga mai ruwa.

Ingilishi sun taɓa shan irin wannan kashi a Indiya. A 1780, Tipu Sultan, ɗan Haidar Ali mai mulkin Maisur, ya ragargaza rundunar Kanar Baillie a Pollilur. Amma a 1799 suka ci birninsa da taimakon sarkin Haidarabad, Musulmi ɗan'uwansa, shi kuma ya faɗi a fagen fama.

Haka Satiru ma ta ƙare. Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu da hakimansa sun ga tawayen zai haɗa da sarautarsu, sai suka mara wa Turawa baya. Ranar 10 ga Maris sojojin Lugga suka dawo da shiri, aka kashe mutum wajen 2,000, aka ƙone garin ƙurmus.

Sanin kowa ne Bature ya fi mu makami. Duk da haka, a Maisur da Satiru, sai da bango ya tsage kafin ƙadangare ya sami wurin shiga. Ya kamata iyaye su ba yara wannan labari cikakke, da nasarar da abin da ya biyo bayanta. Allah Ya jiƙan magabata, Ya haɗa kanmu, amin.