Yadda ake shigar da buƙata a kotun iyali a Ingila

A Ingila da Wales, idan aure ya mutu kuma iyaye suka kasa daidaitawa kan wanda zai riƙe 'ya'ya, doka ba ta yarda ɗayansu ya tafi gaban alƙali kai tsaye ba.

Tun daga watan Afrilun 2014, lokacin da aka kafa kotun iyali guda ɗaya, wajibi ne mai ƙorafi ya fara ganawa da mai shiga tsakani, domin a duba ko sulhu zai yiwu. Dole ne a yi wannan ganawa a cikin watanni huɗu kafin a kai takarda kotu.

Akan ɗauke wa mutum wannan sharaɗi idan akwai shaidar cin zarafi a cikin gida, ko kuma idan lamarin na gaggawa ne, kamar fargabar za a fice da yaro daga ƙasar.

Yankunan Scotland da Ireland ta Arewa suna da nasu tsarin daban.

Cike fom

Idan sulhu ya ci tura, sai mai ƙorafi ya cike fom mai lamba C100, a takarda ko ta intanet. A nan zai bayyana abin da yake so kotu ta yanke: wurin da yaro zai zauna, ko lokutan da zai riƙa ganin mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ko kuma wani batu guda, kamar makarantar da za a sa shi.

A shekara ta 2025 kuɗin shigar da wannan buƙata ya kai fam 263, ko da yake akan rage wa masu ƙaramin ƙarfi ko a yafe musu. Neman umurnin hana cin zarafi kuwa kyauta ne, kuma mai jin tsoro yana iya cike wani fom domin a ɓoye adireshinsa.

Uwa da uba suna da damar shigar da buƙata kai tsaye. Sai dai kakanni, waɗanda a al'adu da dama su ne kan gaba wajen riƙon jikoki, galibi sai sun nemi izinin kotu tukuna.

Kafin zaman farko, wata hukuma mai suna Cafcass takan tuntuɓi 'yan sanda da ƙaramar hukuma, ta kuma zanta da iyayen biyu ta wayar tarho, sannan ta rubuta wa alƙali abin da ta gano game da tsaron lafiyar yaron. Dokar yara ta 1989 ta ce maslahar yaro ita ce abin da kotu za ta fifita a kan komai.

Idan shari'a na gudana kuma wani ɓangare yana son ƙarin umurni, ƙa'idojin kotun na 2010 sun ce sai ya rubuta abin da yake nema da dalilinsa a taƙaice, ya haɗa da daftarin umurnin, sannan a sanar da ɗaya ɓangaren aƙalla kwanaki bakwai kafin zama. Alƙali na iya sauraren buƙatar gaggawa ba tare da an sanar da abokin shari'a ba, amma shi ma yana da damar neman a soke umurnin daga baya.

Babbar matsalar ita ce lauya. Tun daga 2013 gwamnati ta janye tallafin ɗaukar lauya a akasarin irin waɗannan shari'o'i, in ban da inda aka nuna shaidar cin zarafi, abin da ya sa iyaye da yawa ke tsayawa gaban alƙali da kansu.

Saki da ɗaurin aure

Neman raba aure yana da tasa hanyar. Daga ranar 6 ga Afrilun 2022 ba a buƙatar ɗora wa kowa laifi. Ya isa mutum ya ce auren ya lalace ba gyara, muddin an shekara da yinsa. Akan jira makonni 20 kafin umurnin farko, sannan wasu makonni shida kafin na ƙarshe.

A nan ne wasu Musulmi ke shiga tsaka mai wuya. Auren da aka ɗaura a Ingila bisa tsarin Musulunci kawai, ba tare da an cika sharuɗɗan dokar ƙasar ba, kotu ba ta ɗaukarsa aure.

A watan Fabrairun 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka, a shari'ar wasu ma'aurata da aka ɗaura wa aure a wani gidan cin abinci a London a 1998. Ma'anar hukuncin ita ce matar da ke cikin irin wannan hali ba za ta iya neman saki ko rabon dukiya a matsayin matar aure ba, komai daɗewar zaman.

Auren da aka ɗaura a wata ƙasa, kamar Najeriya ko Nijar, galibi ana amincewa da shi, idan ya inganta a dokar wurin da aka ɗaura.

Batun 'ya'ya kuwa bai rataya a kan ingancin auren ba. Ko da kotu ba ta amince da auren ba, uwa ko uba na iya cike fom na C100, kuma wanda yaro ke hannunsa na iya neman kuɗin ciyarwa daga ɗayan.