Fallen da Ake Son Ya Gaji Silikon, da Yadda Kwamfuta Ke Kallon Tsirowarsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mai gyaran waya a titin Otigba, cikin kasuwar Computer Village da ke Ikeja, ya ga wannan aikin. A buɗe bayan waya, a hura wa allonta iska mai zafi, a sa hantsaki a ɗago wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu da bai kai farce ba. Masu gyara, har da 'yan'uwanmu da ke sammako daga Agege, aisi suke ce masa. In ya mutu sai dai a canza wani, domin abin da ke cikinsa ya fi ƙarfin hannu. Ƙananan makunnai ne da ake kira tiransista, kowanne aikinsa ɗaya, ya buɗe wa wuta hanya ko ya rufe. Ƙwaƙwalwar iPhone 15 Pro ta 2023 tana ɗauke da biliyan 19.

Da silikon ake yin su, ma'adinin nan da ke cikin yashi. An fi shekara 50 ana ta rage girmansu don a cusa da yawa a ƙaramin fili, sai dai silikon na da iyaka. Idan aka fere shi har kaurinsa ya koma 'yan nanomita kaɗan (nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na mita), fuskarsa kan yi kaushi, wutar da ke bi ta cikinsa ta riƙa tuntuɓe. Shi ya sa masana suka shiga neman abin da tun asalin halittarsa siriri ne.

A 2004, a Jami'ar Mancesta da ke Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka sa salatif suna ɓare baƙin dutsen da ake yin bakin fensir da shi, har suka samu falle mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak. Garafin ke nan, wanda ya ba su kyautar Nobel a 2010. Wuta na gudu a cikinsa sosai, amma ba ya rufuwa, makunnin da ba ya kashe wuta kuwa ba makunni ba ne. Sai hankali ya koma kan wani dutse mai falle-falle da ake kira molibdinait, wanda ake samun irinsa a duwatsun Filato. Kowane fallensa hawa uku ne: ƙwayoyin farar wuta a sama da ƙasa, ƙarfen molibdinam a tsakiya. A taƙaice ana rubuta shi MoS2. Kaurinsa bai kai nanomita ɗaya ba, sai ka jera kusan 100,000 kafin su kai kaurin silin gashi. Yana buɗewa, yana rufewa, fuskarsa kuma sumul take. A 2011 ƙungiyar Andras Kis a Lozan ta ƙasar Suwizalan ta yi tiransista mai aiki da falle guda.

To, masana'anta ba za ta yi aiki da salatif ba, dole a tsirar da fallen. Ana sa garin wani sinadari mai ɗauke da molibdinam da garin farar wuta cikin wani dogon bututu na gilashi mai jure zafi, a hura tanda ta kai wajen digiri 700 zuwa 800. Garin ya zama tururi, iskar argon ta kwashe shi ta bi ta kan wani faifai mai santsi. Ƙwayoyi su sauka, su yi ta yawo a kan faifan, wasu su tashi su tafi, wasu su haɗu su kama juna. Daga inda suka kama sai tsibiri ya fara, yawanci mai kusurwa uku, yana faɗaɗa daga gefe har ya ci karo da maƙwabcinsa.

A nan matsalar take. Idan tsibiran biyu ba alƙibla ɗaya suka fuskanta ba, mahaɗarsu kan zama kamar yadi biyu da tela ya haɗa zanensu bai dace ba, kuma a wannan layin ɗinki ne wuta ke cijewa. Wani lokaci ƙwayar farar wuta kan ɓace ta bar gurbi. Wani lokaci hawa na biyu ya soma tun na farko bai rufe faifan ba. Babu madubin da ke bin ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya a cikin tanda mai wannan zafi, don haka an daɗe ana lalube: a ƙara zafi, a rage iska, a jira, a duba.

Kwamfuta za ta iya kwaikwayon abin, in dai ta san ƙarfin da kowace ƙwaya ke ja ko tura 'yar'uwarta da shi. Akwai lissafi mai inganci na gano wannan ƙarfi, wanda ya ba Walter Kohn kyautar Nobel a 1998, amma nauyi gare shi. Ƙwayoyi 'yan ɗaruruwa ma sukan cinye wa babbar kwamfuta kwanaki, ga shi tsibiri ɗaya na buƙatar dubbai. Akwai kuma tsofaffin dabaru masu sauri, sai dai sukan kauce daidai inda ake buƙatarsu, wato lokacin da ƙwayoyi ke rabuwa da sake haɗuwa.

A 2007 Jörg Behler da Michele Parrinello suka fito da mafita. Da farko a shirya ƙananan misalai masu yawa na yadda ƙwayoyi ke iya zama: a jere, a hargitse, a gefen tsibiri, a kan faifai. A bi kowanne da wancan lissafi mai nauyi, a rubuta amsarsa. Sannan a ba manhaja mai koyo misalan tare da amsoshin, ta yi ta gwadawa tana gyara kanta, har ta iya duban maƙwabtan kowace ƙwaya ta faɗi ƙarfin da ke kanta. Bayan haka sai a zuba mata dubban ƙwayoyi, ta lissafa ƙarfi, ta matsar da kowacce ɗan taƙi, ta sake lissafawa, sau miliyoyi. In aka jera hotunan, sai ka ga tsibiri na tsirowa a fuskar kwamfuta. A 2020 masu manhajar DeePMD sun kwaikwayi ƙwayoyi sama da miliyan 100 ta wannan hanya.

Mataki na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci a ganina. Manhajar abin da ta gani kawai ta sani. In ta haɗu da tsarin da ba a koya mata ba, za ta ba da amsa kai tsaye ko da kuskure ce. Saboda haka ana koyar da manhajoji uku ko huɗu a kan misalai iri ɗaya. Duk inda amsoshinsu suka saɓa, a ɗauki wurin a mayar wa lissafi mai nauyi, a ƙara shi cikin darasi. Kuma har yanzu akwai giɓi babba: kwaikwayon da ƙyar yake kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, alhali tsiron gaske mintuna yake ɗauka. Don haka duk abin da kwamfuta ta nuna, sai tanda ta tabbatar kafin a yarda.

Gina masana'antar aisi na cin biliyoyin daloli, shi ya sa take hannun irin su TSMC na Taiwan, Samsung da Intel. Amma wannan ɓangare na lissafi ƙofarsa a buɗe take. Manhajojin LAMMPS da Quantum ESPRESSO da DeePMD kyauta ne a intanet. Tun 2010 ake gudanar da makarantar ASESMA, tana zagaya ƙasashen Afirka tana koyar da wannan lissafi, kuma Jami'ar AUST da ke Abuja na da sashen nazarin irin waɗannan kayayyaki. Ɗalibin kimiyya a Legas ko Kano ko Zariya, ka riƙe lissafinka da kyau, ka koyi yaren Python, ka sauke ɗaya daga cikin manhajojin nan ka fara da ƙwayoyi goma. Iyaye kuma, idan yaro ya ce wannan fanni yake so, a taimaka masa da kwamfuta da kuɗin data.