Tsargiya a Ruwan Jazira

Tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, ruwan da ya kawo mana auduga ya yaɗa tsargiya a ƙauyukanmu. Katantanwa ce ke rainon tsutsar cikin tur'a. Yaro na shiga wanka sai ta huda fatarsa. Wasu iyaye har yau suna ɗaukar fitsarin jini alamar balaga, alhali ciwo ne mai lalata mafitsara.

A Jami'ar Jazira da ke Madani, wadda aka kafa a 1975, ɗaliban likitanci na koyon gano ƙwan tsutsar a fitsari ko bayan gida da madubin likita. Maganin Praziquantel yana kashe ta, amma ba ya hana sake kamuwa. Yaranmu na Hajj Abdalla kuwa kullum suna bakin ruwa.