Ta Wuya ko Ta Aljihu: Tsakanin Fujifilm X100 da Ricoh GR

Duk wanda ya fara jin farashin waɗannan kyamarori sai ya sake tambaya, ko kunnensa ne bai ji daidai ba. Kyamara ce 'yar ƙarama, ba ta zuƙo abin da ke nesa, ba a cire mata gilashi a ɗaura wani, amma kuɗinta ya kai na ƙatuwar da masu hoton biki ke rataye da ita. To me ake saye? Abin yana can ciki, a farantin da ke karɓar haske, wanda masu sana'ar ke kira sensa. Na Fujifilm X100 da na Ricoh GR girmansu ɗaya, kusan milimita 23.5 a tsawo da 15.6 a faɗi. Wannan ya ninka mafi girman da ake sa wa wayoyi masu tsada kusan sau uku, yawancin wayoyi kuwa ko kusa ba su kai ba. Faɗin nan ne ke sa hoton bayan magariba ya fito da tsabta, fatar mutum ta fito da ainihin launinta. Gilashin kuma, da yake don wannan sensa kaɗai aka ƙera shi, an iya cusa wani ɓangarensa cikin jikin kyamarar, sai aka samu ƙanƙanta da kaifin hoto a lokaci guda.

Kamfanin Sigma ne ya fara buɗe wannan ƙofa da DP1 a 2008, sai dai nawarta ta kori jama'a. Fujifilm ya nuna X100 ta farko a baje kolin Photokina a Jamus a 2010, ta shiga kasuwa a 2011. Sunan GR ya girme ta, don tun 1996 Ricoh ya fitar da GR1 mai amfani da fim, amma sai a 2013 ya sa mata babban sensa. Akwai manyan gidan, Leica Q3 da Sony RX1, masu sensa mafi girma. Leica ɗin ta fito a 2023 a kan kusan dala 6,000, don haka mu bar wa masu hali ita, mu koma kan biyun da mutum zai iya tara wa kuɗi.

X100VI, ta shida a jerin, ta fito a Fabrairun 2024 a kan dala 1,599. Megafiksel 40, gilashi mai milimita 23 wanda faɗin ganinsa ya yi daidai da 35 a tsohon lissafin fim, nauyi giram 521. Ba ta shiga aljihu sai na babbar riga, shi ma za ta ja shi ƙasa. Wurinta wuya ne. A samanta akwai mamurɗai na ƙarfe masu lambobi, a jikin gilashin akwai zobe, ta yadda tun kafin ka kunna ta ka san saitin da take kai. Amma babban abin da take tinƙaho da shi ita ce tagar leƙe. Ka kai ido, ka ga duniya ta gilashi tsurarsa, da wani farin layi da ke zagaye abin da zai shiga hoton. Kana kuma ganin abin da ke wajen layin. Yaro ya taho a kan keke, kana kallonsa tun bai shigo ba, ka jira, da ya tako layin ka danna. In ka so, ka taɓa wani ɗan maɓalli a gaba, tagar ta koma ƙaramin allo mai nuna hoton yadda zai fito.

Wanda bai taɓa tsayawa a ranar watan Afrilu a Kano ko Damagaram yana ƙoƙarin karanta allon kyamara ba, zai ɗauka wannan taga ado ce. Da tsakar rana allon baya ba ya nuna komai sai fuskarka. Nan ma Fujifilm na da wata dabara da ba a cika maganarta ba. Marfin haskenta a cikin gilashin yake, ba a gaban sensa ba, saboda haka filashinta na iya aiki ko da an sa saurin ɗauka sosai, ga kuma wani tacin haske a ciki da ke rage ƙarfin rana mataki huɗu. Amfanin wannan a wurinmu a fili yake: dattijo da rawani ko amarya da mayafi, rana a tsakar ka, farin kaya na ƙyalli, fuska ta nutse a inuwa. Ɗan filashin nan sai ya ɗago fuskar ba tare da farin yadin ya ƙone ba.

Launukanta ma sun ja mata masoya. Kamfanin ya kwaikwayi tsofaffin fina-finansa na hoto, irin su Velvia da Provia da Acros, hoto ya fito a gyare ba sai an zauna gaban kwamfuta ba. Wannan da kuma kyan surarta suka sa X100V, wadda ta gabaci X100VI, ta tashe a TikTok wajajen 2022, ta ɓace daga shaguna, har ta hannu ta fi sabuwa tsada. Da yawa daga masu sayenta, gaskiya, don a gan su da ita suka saya, kuma su ne suka tsauwala wa masu buƙata.

Ricoh GR III ta 2019 ba mai waiwayowa ya kalle ta. Baƙa ce sumul, giram 257, rabin nauyin X100VI, gilashinta na shigewa ciki idan an kashe ta, sai ta zame cikin aljihun kaftani ba wanda ya sani. Megafiksel 24, faɗin gani daidai da milimita 28. Komai nata a ƙarƙashin babban yatsa da manuni yake, hannu ɗaya ya isa. Tana da wani tsari da masu hoton titi ke mutuwa a kansa: ka zaɓa mata tazara tun farko, a ce mita biyu, in ka danna maɓalli gaba ɗaya ba ta tsayawa laluben saiti, nan take ta ɗauka. Daido Moriyama, mai hoton nan na Japan da ya shafe shekaru yana yawo a lungunan Shinjuku a Tokyo, yana cikin waɗanda suka ɗaukaka sunan GR tun zamanin fim. A kaifin hoto ba ta jin tsoron kowa.

An biya kuɗin ƙanƙantar da wasu abubuwa. Ba tagar leƙe, ba filashi, allon ba ya lanƙwasawa, batirin kuma hoto wajen 200 yake yi, dole ka riƙe na biyu. Mafi muni shi ne ƙura. Gilashin da ke fita yana komawa yana jan iska, kuma da yake ba a cire shi, ƙwayar da ta sauka kan sensa ba ta goguwa a gida. An sa wa kyamarar tsarin girgiza sensa don kakkaɓe ta, yana taimakawa, amma ƙorafin bai ƙare ba. Ricoh bai yi alkawarin kariya daga ƙura ko ruwa ba. Fujifilm ya yi, tun daga X100V, da sharaɗin ka sayi zobe da gilashin kariya ka ɗaura a gaba. Ka tuna hazon hunturu, ka kuma juya aljihunka ka ga abin da zai zubo.

Batun faɗin gani ya danganta da inda mutum ke tsayawa. Milimita 28 ta dace da matsattsun layukan kasuwar Kurmi ko ɗakin da aka cika ranar suna, amma in ka matsa kusa da fuska za ta ƙara wa hanci girma. Milimita 35 ta fi sassauci. Ricoh ya fitar da GR IIIx a 2021 mai faɗin 40, wadda ta fi su duka mutunta fuska. Ko wacce ka riƙe, kada ka sa ran kawo fuskar mahayi daga rumfar 'yan kallo ranar Hawan Daushe. Ƙafarka ce za ta kai ka kusa, ko ka haƙura.

Akwai yabon da ake yi wa GR wanda ba ya ƙetarowa zuwa nan lafiya, wai ana ɗaukar mutum da ita bai sani ba. A Shinjuku wataƙila. A unguwar Bahaushe, ka ɗauki matar mutane ko dattijo a ƙofar gidansa ba sallama ba izini, ka sayi rigima, kuma kai ne mara gaskiya. Mai rataye da X100 ya riga ya shelanta kansa, kafin ya yi magana ma yara sun kewaye shi da "Malam, ɗauke mu mana." Inda rashin kwarjinin GR ke da rana shi ne cikin gida, tsakanin dangi, inda bayan minti biyar kowa ya manta da ita, Inna ta daina gyara zama.

Ni dai ina karkata ga Fujifilm, kuma ba don kyanta ba. Hujjar da ake kare GR da ita ita ce kullum tana tare da kai. To amma akwai abin da ya riga ta shiga aljihun, wato waya, wadda faɗin ganinta kusan irin na GR III ne, kuma ita ma a allo ake dubawa. GR ta fi waya ingancin hoto nesa ba kusa ba, amma riƙonsu da kallonsu ɗaya. X100 ce ke ba da abin da waya ba ta da shi. Ratar farashin ma ta ragu: GR III ta fito a kan dala 899, amma GR IV ta 2025 ta kusa 1,500. Wanda ya san kansa, ya san ba zai taɓa fita da abu a wuya ba, ya ɗauki GR, kuma IIIx zan nuna masa, ya haɗa mata 'yar jaka mai zif.

Da yawanmu ta hannu za mu saya, ta hanyar wani mai dawowa daga waje. Kafin a biya, a ce wa mai ita ya tsuke ƙofar hasken zuwa f/16, ya ɗauki farin bango ko sararin sama, ya turo hoton ba tare da ya rage girmansa ba. Duk ɗigon ƙurar da ke kan sensa zai fito baƙi a wurin.