Ko Kun Sani? Ƙarfin Inji da Saurin Amsa Totur

Ko kun sani cewa motar da ta fi shahara a tarihin wasan zamiya, wato fannin da direba ke sa tayoyin baya su sulale da gangan a cikin kwana alhali ragamar motar na hannunsa, ba ta da wani ƙarfi na a-zo-a-gani? Ita ce Toyota AE86, wadda aka ƙera a Japan daga 1983 zuwa 1987, injinta lita 1.6 kacal, babu turbo, kuma da ita direban zamiya Keiichi Tsuchiya ya yi suna.

Hikimar al'amarin kuwa ita ce, ƙarfin murɗa na inji shi ne ke fizge taya daga riƙon kwalta, amma da zarar mota ta karkace, to hukunci ya koma ga ƙafar direba, domin ƙarin totur kaɗan yana buɗe bayan motar, ragi kaɗan yana maido shi. Saboda haka injin da ya yi jinkirin amsawa, kamar mai babban turbo wanda sai hayaƙi ya kaɗa shi tukuna, yakan zubo ƙarfinsa gaba ɗaya bayan lokacin buƙata ya wuce, motar ta wulwula. Wannan, a ganina, shi ne babban aibi. Shi ya sa ma'abota sana'ar sukan zaɓi ƙaramin turbo, su kuma rage nauyin faifan ƙarfen da ke tsakanin inji da kuloci, don inji ya tashi nan take. Mai ƙaramin inji kuwa, idan ƙarfi ya gaza a tsakiyar kwana, sai ya taka kuloci ya sake shi farat ɗaya.