Inda Baki Ya Karkata

A ƙarshen watan Nuwamban 2023 na tsaya wurin mai shayin unguwarmu, kusa da inda ake shimfiɗa jaridu a ƙasa a danne su da duwatsu, na tarar gardama ta kaure tsakanin wasu dattawa biyu da suka yi shekaru suna sallah a sahu ɗaya. Ɗaya na sanye da jar hula, ɗayan kuwa da jin bakinsa ka san inda ya dosa. Kowanne ya zaro waya yana tura wa ɗan'uwansa a fuska.

"Malam, karanta ka gani. Kotu da hannunta ta rubuta cewa Abba ne ya yi nasara."

"Haba Alhaji! A gaban duniya fa alƙali ya karanta hukunci ya ce an cire shi. Ga shi nan a rubuce."

Na karɓi wayoyin biyu na duba. Sharhi ne na marubuta biyu daga jaridu biyu, kuma abin da ya ɗaure min kai shi ne babu wanda ya shara ƙarya a cikinsu. Kowanne ya yanki rabin gaskiya ne ya miƙa wa mai karatunsa, ya cusa ɗaya rabin a aljihu.

Ga yadda abin yake. A zaɓen gwamnan Kano na 18 ga Maris 2023 hukumar zaɓe ta ce Abba Kabir Yusuf na NNPP ya samu ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC kuma 890,705. Ranar 20 ga Satumba kotun sauraren ƙararrakin zaɓe ta zabge ƙuri'a 165,663 daga na Abba, bisa dalilin cewa takardun ba su da hatimi da sa hannu da kwanan wata, sai nasa suka koma 853,939, Gawuna ya hau sama. Ranar 17 ga Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara a Abuja ta tabbatar da cire Abba, ta ƙara da batun cewa sunansa ba ya cikin rajistar jam'iyyarsa. To amma da rubutaccen kwafin hukuncin ya fito, sai aka ga gangar jikinsa duk a kan Abba ta faɗi, amma can wajen ƙarshe wasu layuka sun ce an jingine hukuncin kotun farko, har an ce a biya shi naira miliyan 1 kuɗin ɗawainiyar shari'a. Kotu ta ce tuntuɓen alƙalami ne. Magana ba ta mutu ba sai 12 ga Janairun 2024, ranar da Kotun Ƙoli ta mayar da ƙuri'un, ta ce zama ɗan jam'iyya harka ce ta cikin gidan jam'iyya.

Marubucin da Alhaji ya karanta ya manne wa layukan nan na ƙarshe kamar su kaɗai ne hukuncin, bai ko ambaci abin da aka karanta a zauren kotu ba. Na Malam kuwa ya bi ta kansu da gudu, kamar saɓani irin wannan a takardar babbar kotu ba abin tsayawa a tambaya ba ne. Da ɗayansu ya shimfiɗa duka biyun, sannan ya ce ni ga wanda na gaskata, ga kuma dalilina, da ya fita haƙƙin mai karatu. Ra'ayi nasa ne, ba mai hana shi. Abin da ba nasa ba shi ne ya zaɓar wa mutane abin da za su sani da abin da ba za su sani ba.

Mutane da yawa ba sa rarrabe labari da sharhi, jaridun ma ba kullum suke taimakawa ba. Labari aikinsa ya ce ga abin da ya faru, a ina, yaushe, in ji wa. Sharhi kuwa an buɗe shi ne don marubuci ya auna, ya yaba ko ya kushe. Saboda haka ni ba na cikin masu cewa mai sharhi ya zama ɗan ba-ruwanmu. Sharhin da ba ya tsayawa ko'ina lami ne, kamar miya ba gishiri. Kuma ɗaukar ɓangare tsohon abu ne a aikin jarida a ƙasar nan. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, a hannun hukuma ta tashi. A zamanin siyasar farko kowa ya san Nigerian Citizen ta fi kusa da gwamnatin NPC, Daily Comet ta Kano kuma ta fi ba 'yan NEPU baki. A Kano, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Triumph a 1980, da ƙannenta Albishir da Alfijir ta ajami, a daidai lokacin da PRP ke darewa gida biyu, Santsi da Taɓo. Ranar 10 ga Yulin 1981, da tarzoma ta ɓarke bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, ofishin Triumph da gidan rediyon jiha na cikin wuraren da aka cinna wa wuta, ranar ce kuma aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Masu tarzomar ba su ɗauki jaridar a matsayin 'yar kallo ba.

Sai dai masu karatu na wancan zamani sun fi mu sa'a ta fuska ɗaya: sun san gidan da kowace jarida ta fito, suna karanta ta da wannan sanin. Yau marubuci kan fito da rigar "mai fashin baƙi kan al'amuran yau da kullum", alhali wata uku baya yana cikin kwamitin yaƙin neman zaɓen wani, ko yana jiran a kira shi a ba shi mataimaki na musamman kan yaɗa labarai. Jaridar kuma ba ta rubuta wannan a ƙasan sunansa ba. Ita kanta tana lissafin tallar gwamnatin jiha, shafukan taya murna da na cika kwana 100 a ofis, a kasuwar da takarda ta yi tsada masu saye suka ragu. Kowa ya ci ladan kuturu, an san sauran zancen.

Son kai ba kasafai yake shigowa da ganga ba. A cikin kalma ɗaya yake laɓewa. Dubi rikicin masarauta. A 2019 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta raba masarautar Kano gida biyar, ranar 9 ga Maris 2020 ta cire Muhammadu Sanusi II, aka naɗa Aminu Ado Bayero. Ranar 23 ga Mayun 2024 aka soke dokar da ta raba masarautar, Gwamna Abba ya mayar da Sanusi, Aminu kuma ya dawo gari ya sauka a gidan sarki na Nasarawa, magana ta koma kotu. Tun daga ranar, duk wanda zai rubuta sunan ɗayansu sai ya zaɓi abin da zai sa a gabansa. In ya ce "tuɓaɓɓen sarki" ya yanke hukunci. In ya ce "halastaccen sarki" ma ya yanke. Editoci masu taka-tsantsan suka fake da lissafi, suna cewa Sarki na 15 da Sarki na 16, don kada alƙalaminsu ya riga alƙali. Haka ma "ya bayyana" da "ya yi iƙirari" ba ɗaya ba ne: na farko ya gaskata mai magana, na biyu ya ɗaga masa gira. Taron da nake so "dubban magoya baya" ne, wanda ba na so "'yan jagaliya da aka yi haya". Gwamnana "ya ciyo rance don ayyukan raya ƙasa", naku "ya jefa jiha cikin ƙangin bashi". Mai karatu na iya gama sharhi kaf bai ci karo da jimla ɗaya ta ƙarya ba, amma an riga an ja shi da hanci zuwa inda ake so.

Inda abin ya fi ta'azzara shi ne wajen alƙaluma, domin lamba tana da kwarjini, mutum na ganinta sai ya sassauta. Kalmomi uku ake cakuɗawa, wani lokaci da gangan: an ware, an saki, an kashe. Kasafin kuɗi alkawari ne a takarda. In an ce an ware wa ilimi kashi kaza cikin ɗari, ba a ce kuɗin sun bar baitulmali ba, balle a ce sun zama aji da benci. Mai yabon gwamna zai kawo abin da aka ware ya kira shi aiki. Mai suka zai ɗauki hoton makaranta ɗaya da rufinta ya yaye ya ce ga ilimin jihar nan gaba ɗaya. Dukansu sun guje wa takardar da ke raba gardama, wato rahoton aiwatar da kasafi da jihohi kan fitar duk wata uku.

Batun bashi ya fi wannan santsi. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yuni, zuwa farkon 2024 ta haura 1,400. Ɗauki misali jihar da ake bin ta dala miliyan 100: a da naira biliyan 46 ke nan, daga baya ta zama biliyan 140, ba tare da gwamna ya ranto ko sisi ba. Mai sharhin da ya ce bashi ya ninka uku a hannun wane, lambarsa daidai ce, maganarsa kuwa zalunci ce. Ta ɗaya gefen, cire tallafin mai da faɗuwar naira sun kumbura kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya, don haka mai cewa gwamnansa ya kashe wa hanyoyi ninkin abin da na baya ya kashe, sai a tambaye shi nawa buhun siminti yake a lokacin, nawa yake yanzu. Ofishin kula da basussuka na ƙasa, DMO, yana wallafa bashin kowace jiha, na gida daban na waje daban. Duba shi bai kai minti goma ba ga mai waya a hannu. Marubucin da bai duba ba, ko dai lalaci ne, ko kuwa ya san abin da zai gani.

Akwai kuma mantuwar zaɓe. Wanda ke kuka da abin da ya faru a mazaɓar Gama ta Kano a zaɓen cike gurbi na 23 ga Maris 2019, shekarar da kalmar "inkonkulusib" ta shiga bakin har 'yan talla, shi ne zai yi gum idan nasa suka yi makamancin haka a zaɓen ƙananan hukumomi. Laifi tudu ne. Gwajin da nake yi wa duk marubucin da nake bi mai sauƙi ne: in nemo abin da ya rubuta lokacin da mutanensa ke adawa, in ajiye kusa da na lokacin da suke kan mulki. Kaɗan ne ke tsallakewa, waɗannan kaɗan ɗin kuwa ko na saɓa da su ina karanta su har ƙarshe.

A ƙasar Hausa sharhin jarida ba ya tsayawa a takarda. Da safe gidajen rediyo za su yi bitar jaridu su juya shi zuwa Hausa, da dare sojojin baka su ɗauka a filayen siyasa da aka saya musu, kafin gari ya waye an yanko minti ɗaya an watsa a WhatsApp da Facebook. A kowane zango wani abu na zubewa, kuma abin da ke fara faɗuwa shi ne "ana zargin". Marubuci ya ce ana zargin kwamishina da karkatar da kuɗi, mai fassara ya ce an bankaɗo, sojan baka ya ce ɓarawo ne, mai sauraro a kasuwar ƙauye ya tashi da yaƙinin kotu ta kama shi. Tsakanin zargi da gurfanarwa da hukunci akwai tafiya mai nisa, wani lokaci ta shekaru, wani lokaci ma ba a isa.

Ba zan tsame kaina ba. Shekarun baya na rubuta wa wata jarida sharhi a kan wata kwangilar hanya, ina cikin fushi da gwamnatin lokacin. Wani da na yarda da shi ya ba ni adadin kuɗin a waya, ban nemi takarda ba, saboda adadin ya yi daidai da abin da zuciyata ke so. Ashe miliyoyi ne na mayar biliyoyi. Kwana biyu da fitowarsa wani injiniya ya kira ni cikin ladabi ya ce, "Malam, ka ƙara mana sifili uku." Jaridar ta buga gyara, layi biyu a gindin wani shafi na ciki, kusa da sanarwar canjin suna.

Bayan kusan shekara biyu ina cikin motar haya zuwa Wudil, sai hira ta gangaro kan wannan hanya. Wani fasinja a kujerar gaba ya juyo ya faɗi adadin nan nawa na kuskure, bai rage ko kwabo ba. Na ce masa ba haka ba ne, kuɗin bai kai nan ba, an ma yi gyara daga baya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bawan Allah, ni a jarida na karanta. Kai a ina ka ji naka?"